Waliyyan Sumayya

Tun da Aminu Saira ya fara sakin shirin Labarina a 2020, Sumayya, yarinyar da labarin ke kanta, ta yi waliyyan da babu budurwar da ta taɓa samun yawansu a ƙasar Hausa. Da an gama haska shirin a Arewa24 ko ya hau YouTube, sai kowa ya gyara zama ya shiga zaɓa mata miji. Wannan ya ce Mahmud, wancan ya ce Lukman, wasu tsiraru masu taurin kai su ce Presido. Ita yarinyar ba wanda ya nemi jin ta bakinta.

Shugabansu shi ne Baban Amarya. Akwai shi a majalisarmu, kuma na san akwai shi a taku. Magidanci ne mai furfura, da 'yan matansa da suka isa aure a gida, amma ba su ne ke hana shi barci ba. Shi ba kallon soyayya yake yi ba, bincike yake yi. "To wai shi wannan yaron ɗan gidan wa ne? Mece ce sana'arsa? Kun taɓa ganin ya tashi ya yi alwala?" In aka ce masa, "Haba Alhaji, ai fim ne, ba komai ake nunawa ba," sai ya ce ai an nuna shi yana shan lemo, me ya hana a nuna shi a sahu? Ya auna Presido, ya ce kuɗi sun rinjayi tarbiyya. Ya auna Lukman, ya ce yaron kirki ne, amma kirki ba ya cefane. Duk ranar da aka nuna Sumayya tana murmushi ga wanda bai amince da shi ba, sai ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya girgiza kai ya ce, "Ba da yawuna ba." Kuma wallahi ba wasa yake yi ba.

Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, gari ya ɗauki muhawarar wacce ta fi iya wasa. Shi abin da ya ɓata masa rai daban ne: an canza masa 'ya ba a shawarce shi ba. Ya yi 'yan kwanaki yana cika yana batsewa, daga baya ya ce 'ya ai 'ya ce, ya koma bakin aiki. Wata rana uwargidansa ta aiko yaro, wai mai neman 'yarsa ta cikinsa yana zaure yana son ya gaishe shi. Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Ka ce ya jira a tafi talla."

Sai mai yajin kallo. "Na rantse daga yau na daina!" Ya daina tun ranar da aka kashe Mahmud a labarin, kuma har yau ko mako ɗaya bai wuce shi ba.

Ɗan'uwansa shi ne wanda ba ya kallon fim ɗin Hausa sam. Wucewa kawai yake yi ya tarar yara sun kunna. Amma ka kuskure wajen faɗin wanda ya fara furta wa Sumayya so, yanzu zai gyara maka, har da kalar gyalen da ta yafa a ranar.

Akwai bokan majalisa, mai "ai na faɗa muku." Ya faɗa kam, don duk manema ukun ya taɓa rantsuwa a kan kowannensu. Akwai mai cewa daga fim ɗin Indiya aka kwaso labarin. Ka tambaye shi wane fim, sai ya ce sunan ne ya kwanta masa.

'Yan takabar Mahmud su ma suna nan, yawancinsu mata. Takabar shari'a wata huɗu ce da kwana goma, tasu ba ta da ranar fita. Duk namijin da ya tsaya kusa da Sumayya, hukuncinsa ɗaya: "Bai kama ƙafar marigayi ba."

Ustazun kallo kuwa ko Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba ta kai shi sa ido ba. Ya lura an yi zance babu muharrami, ya lura kallon da saurayin ya yi ya wuce na farko. Don ya tabbatar kafin ya yanke hukunci, sai da ya mayar da wurin baya ya sake kallo, ya kuma sakewa.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai tsohon miki. An taɓa ƙwace masa budurwa aka ba mai mota, shi ke nan duk motsin Sumayya ya zama shaida a ƙarar da ya shigar tun tuni. "Haka suke! Dukkansu haka suke!" In abin ya ciwo shi, har suɓutar baki yake yi ya kira ta da wani suna da babu shi a cikin shirin. Mukan yi kamar ba mu ji ba.

Allah Ya sa dai akwai masu natsuwa irinmu, da ke kallo don basirar aikin kawai, ba mu da ɓangare. Illa iyaka duk mai ido ya san Lukman ne ya dace da ita, kuma wanda ya ce ba haka ba a binciki lafiyarsa.

Da labari ya koma kan Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayinsa, tsakanin Jamila da Maryam, duk mutanen nan suka kwashi tabarminsu suka bi shi. Baban Amarya ya koma Baban Ango, bincike ya juya kan surukai mata.

Duk waɗannan ina zama da su in sha shayi in yi dariya. Wanda ba na iya zama da shi shi ne mai barin Sumayya ya kama wadda ta fito a Sumayya. Yarinyar cikin labari ta ƙi saurayin da yake so, sai ya ɗauki waya ya nemi shafin jarumar, ya zage ta, ya zagi iyayen da suka haife ta, ya yi mata gorin aure, ya ƙaga mata abin da ko a mafarki bai gani ba. Gobe ka gan shi a sahun gaba a masallaci. Baiwar Allah an ba ta takarda ta haddace, ta tsaya gaban kyamara ta yi aikin da take ci da kanta da danginta. Ba ita ta rubuta ba, ba ita ta zaɓa ba, kuma ya san haka sarai, ba yaro ba ne. Ya dai sami mace da ba za ta iya biyo shi gida ba ne.

Malam, in zaɓin Sumayya ya ƙona maka rai, labari yana da marubuci, yana da mai ba da umarni. Ka gaya musu bai yi ba, ka kawo dalilinka, mu ma mu taya ka. Amma ka fitar da iyayen mutane daga bakinka.