Ranar da Dabinon Kawu Ya Zama Sadaka

Mai ba ku labarin nan ya je Tamanrasset hutu ne, amma bakinsa ya ja masa. Yana zaune a rumfar kawunsa a Kasuwar Assihar, inda kayan Nijar da Mali ke haɗuwa da na Aljeriya, ya ga tsohon yana fama da lissafi. Ana saye da dinari, masu odar Agadas da Arlit suna biya da sefa, shi kuma Kawu da dala yake ƙirge, wato sefa biyar-biyar. Sai gogan naku ya bugi ƙirji ya ce shi ɗan kwamfuta ne.

Kwana biyu ya haɗa shafin farashi. Ya rubuta ɗan jerin umarni da zai lissafa canjin ranar, ya zuba sakamakon a wani aljihu mai suna CANJI, manhajar da ke ɗora shafin a intanet ta ɗauka daga can. Irin waɗannan aljihunan na muhalli tsohuwar dabara ce, tun 1979 suke cikin tsarin kwamfuta na Unix, kuma dokar gadonsu ba ta canza ba: shirin da aka haifa yana gādon aljihun wanda ya haife shi, amma uba ba ya cin gādon ɗa. Gogan naku ya san wannan sarai. A aji.

Jerin umarnin ya tashi a matsayin ɗa, ya yi lissafinsa daidai, ya cika aljihu, ya mutu da abinsa. Manhajar ɗorawa ta laluba CANJI ta ji wayam. Ba ta yi ƙorafi ba, ta ɗauki wayam a matsayin sifili, ta ninka kowane farashi da shi.

Kafin la'asar wayar Kawu ta ɗau zafi. Wani daga Assamaka yana son katan ɗin taliya hamsin. Wata Hajiya a Agadas ta kira tana ta sa albarka, wai ta ga Alhaji ya fitar da dabinon Deglet Nour fi sabilillahi, Allah ya karɓa.

"Ɗan nan," in ji Kawu, yana ajiye kofin shayi a hankali, "wace zakka ka fitar min ban sani ba?"

"Kawu, matsalar gādo ce."

"Ai ban mutu ba tukuna."

Gyaran kuwa ɗigo ɗaya ne. In aka sa ɗigo da tazara gaban sunan jerin umarnin, a cikin uban yake gudana, aljihu ya tsira. Gogan naku ya ɗiga, farashi ya dawo, ya ƙara sharaɗin cewa in CANJI babu komai a fasa ɗorawa.

Hajiya dai ba a iya janye mata albarkarta ba. Katan guda na dabino ya bi motar In Guezzam zuwa gare ta, kuɗinsa kuma daga guzurin ɗan kwamfuta aka cire.