Jinsunan Mutane a Ranar Rabon Alewa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji uku a firamaren Islamiyya cikin birnin Kano, a kwanakin nan da ke tsakanin Maulidi, 12 ga Rabi'ul Awwal, da Takutaha, 19 ga wata, riƙe da farantin alkaki da gullisuwa da tuwon madara da iyaye suka aiko, idanu kuwa sun yi masa caa, ya san ilmin gado, duk da wuyarsa, bai kai wannan mas'ala ba. Gama magada suna da kaso ƙayyadadde, yara kuwa kowannensu asaba ya ɗauki kansa.

Na farkonsu monita, wanda, da yake ya ji a darasin fiƙihu cewa mai tattara zakka yana da rabo a cikinta, yakan fitar da haƙƙinsa tun farantin bai ƙetare bakin ƙofa ba.

Sai mai zuwa sau biyu, wanda kan karɓa, ya haɗiye, ya goge baki, ya karkata hula, ya koma ƙarshen layi da fuskar maraya; in aka ce an ba shi, ya rantse na ƙaninsa ne marar lafiya, alhali ƙanin yana aji ɗaya, kumatu cike.

Akwai kuma mai jayayya, wanda ba ya ci sai ya gwada alkakinsa da na maƙwabcinsa, tsawo da kauri, sa'an nan ya ɗaga ƙara: "Malam, nasa ya fi nawa zuma!" Wannan, a ganina, alƙali zai zama, ko kuwa ya wahalar da alƙalai.

Amma wadda ta fi su duka hikima ita ce yarinyar da kan ƙulle nata a bakin hijabi, ta yi haƙuri irin na mai azumi har kowa ya lashe yatsa, sa'an nan ta buɗe kasuwa a bayan aji, gullisuwa ɗaya a bakin fensir ɗaya, ba bashi, ba ragi.

Daga ƙarshe hedimasta kan shigo, wai duba tsabta, ya yi doguwar nasiha kan sharrin zaƙi ga haƙori, ya ƙwace abin da ya rage saboda maslahar yara, ya umarci monita ya kai masa ofis.