Yadda Ake Haɗa Ƙawancen 'Yan Hamayya a Abena Ba Tare da an Ci Zaɓe Ba

Kafin komai, ranka ya daɗe, sai ka mallaki jam'iyya. Kada wannan ya ɗaga maka hankali. A Chadi jam'iyyu sun haura 200, kuma da yawansu in suka kira babban taronsu na ƙasa, tabarma ɗaya ta ishe su har da wurin ajiye takalma. Abin da kake buƙata bai wuce takardar izini, da hatimi mai kyau, da jakar hannu, da wani ƙane ko suruki da zai zama babban sakatare ba. In uwargida ta yarda ta riƙe reshen mata, to magana ta ƙare. Magoya baya ba dole ba ne a wannan mataki. Hasali ma yawansu na iya jawo maka jinkiri: Succès Masra ya kafa Les Transformateurs a 2018, matasa na tururuwa a bayansa, amma takardar amincewa ba ta fito ba sai watan Yunin 2021, bayan an yi zaɓe an share fili. Saboda haka ka je neman izini kai kaɗai, da fuskar wanda ko maƙwabcinsa ba zai zaɓe shi ba.

Daga nan sai neman abokan tafiya da wurin zama. Shawarata ita ce Abena, a gunduma ta 7 ta Njamena. Nan hedikwatar Les Transformateurs take, da barandar benen da Masra ya saba tsayawa yana yi wa jama'a jawabi, don haka unguwar ta san siyasa ciki da bai. Mai shago a Abena ba ya jiran sanarwa kafin ya jawo ƙofa. Ƙarar mota kawai zai ji ya san ta fasinja ce ko ta masu barkonon tsohuwa. 'Yan kilando, wato masu acaɓa, kuma sun san kowane lungu da ake bi a ɓulla Chagoua ko Atrone in babban titi ya ɗau zafi. Ka yi hayar rumfa da kujerun roba, ka tanadi janareta da ruwan leda, domin zafin Njamena a watan Afrilu kan wuce digiri 40, kuma ba a taɓa jin ƙawancen da ya jure ƙishirwa ba. Ka sa ido kan yaron mai kujeru. Zai jera su goma-goma yana ƙirgawa da ƙarfi, ya rubuta adadin a tafin hannunsa da biro, ya koma gindin bishiya ya zauna yana kallonku. A duk wanda ya halarci taron, shi kaɗai ne lissafinsa zai fito daidai da yamma.

Jawabin buɗe taro ba ya buƙatar shiri. Kowane shugaba zai miƙe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a yi tafi. Kai ma ka faɗa. Abin da ba a faɗa a lasifika shi ne kowa ya zo ne da niyyar shi za a ɗora wa jinkar a ka, sauran su riƙe masa takalmi.

Wannan ya kawo mu ga ainihin aikin, wato fitar da ɗan takara ɗaya. A nan ka buɗe kunne, don magabata sun bar mana darasi cikakke. A watan Fabrairun 2021, ana saura wata biyu zaɓe, jam'iyyu kimanin 15 suka haɗu a ƙarƙashin Alliance Victoire, suka yi alkawarin tsayar da mutum guda ya kara da Idriss Déby Itno, wanda ke kan mulki tun Disambar 1990. A cikinsu akwai Saleh Kebzabo na jam'iyyar UNDR, tsohon ɗan jarida, wanda ya zo na biyu a zaɓen 2016 da kusan kashi 13 cikin 100. Kowa ya ɗauka shi za a ba tuta, shi ma haka ya ɗauka. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 9 ga wata, sai wakilai suka zaɓi Théophile Bongoro, masanin shari'a mai aikin tabbatar da takardu, wanda jam'iyyarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Ba a rufa mako ba UNDR ta tattara nata ya nata ta fice, ta tsayar da Kebzabo. Ɗan takara ɗaya ya zama biyu, kuma kowannensu na magana da sunan haɗin kai.

Ka lura da hikimar da ke ciki. In aka ba kowace jam'iyya murya, ƙananan za su haɗa baki su kayar da babban, don ba wanda ke son inuwar da ta fi shi tsawo. In kuma aka ce a bi yawan jama'a, ƙananan za su ce an yi musu kama-karya irin wadda suka fito yaƙa. Ko wacce hanya ka bi, tashar ɗaya ce. Don haka kada ka ɓata dare kana tsara ƙa'idar zaɓen fid da gwani. Ka rubuta takardar ficewarka tun a gida, ka bar gurbin kwanan wata, ka saka ta a aljihun babbar riga. Kalmomin da ake so su ne “rashin gaskiya a tsarin zaɓe” da “bayan tuntuɓar magoya bayanmu a faɗin ƙasa”. Tuntuɓar ba ta wuce kiran suruki a waya ba.

In wani yaro mai karatu ya taso da lissafi, ka yi maza ka ba shi aikin raba ruwa. Irinsu ne ke tuna wa mutane zaɓen 1996, na farko da jam'iyyu da yawa suka shiga, inda 'yan takara 15 suka fito, Déby ya samu kusan kashi 44 a zagayen farko. Ma'ana fiye da rabin masu zaɓe wani suka so, sai dai wanin ya kasu gida 14. Wadel Abdelkader Kamougué ya zo na biyu da kashi 12, Kebzabo na uku. A zagaye na biyu Kebzabo ya mara wa Déby baya, ya zama ministan harkokin waje. Déby ya lashe da kashi 69. Kamougué kuwa ya zama shugaban majalisar dokoki a 1997. Tun daga ranar ba a sake zagaye na biyu a zaɓen shugaban ƙasa a Chadi ba. Yaron zai ce da an haɗu tun farko da labari ya sha bamban. Ka ce masa siyasa ba lissafin makaranta ba ce.

Haka kuma ka guji masu kawo misalin ƙasashen waje, musamman Filipin, domin labarinsu na ɓata tarbiyyar ɗan hamayya. A ƙarshen 1985 Ferdinand Marcos, bayan shekara 20 a kan mulki, ya kira zaɓen ba-zata. Salvador Laurel shi ne jagoran ƙawancen UNIDO, ya shekara da shekaru yana gina shi, kuma ba ya shakkar cewa takarar tasa ce. Sai ga Corazon Aquino, matar Benigno Aquino da aka harbe a filin jirgin saman Manila a 1983, jama'a sun tsaya mata. Aka yi ta ja-in-ja har ranar rufe karɓar sunaye, 11 ga Disamba, inda da sa bakin babban limamin Katolika Jaime Sin, Laurel ya haɗiye ransa ya karɓi mataimaki, ita kuma ta yarda ta tsaya a tutar UNIDO. Dubi irin wannan sakaci! Mutum da ƙawancensa, da hatiminsa, ya yarda ya zama na biyu. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba sai talakawa: aka yi zaɓe ranar 7 ga Fabrairun 1986, 'yan sa-kai dubu ɗaruruwa na ƙungiyar NAMFREL suka tsare akwatuna, ma'aikatan kwamfuta na hukumar zaɓe kimanin 30 suka fice daga zauren ƙirga don ba su yarda da alƙaluman da ake lodawa ba, manyan sojoji suka juya baya, ranar 25 ga wata Marcos ya bar fada ya nufi Hawaii. In dole sai an yi zancen Filipin, ka ja hankalin taro zuwa 2004, lokacin da suka dawo hanya. Ƙawancen KNP ya tsayar da ɗan fim Fernando Poe Jr., Sanata Panfilo Lacson ya ce shi ba ya janye wa kowa. Shugaba Gloria Arroyo ta sha da ratar ƙuri'a miliyan 1.1, Lacson kuwa ya koma gida da miliyan 3.5 da mutuncinsa. Wannan shi ne namu.

Zancen APC ta Najeriya a 2013 ma ka kashe shi da wuri. Jam'iyyu ne suka rushe kansu suka zama ɗaya, wato shugabanni da dama suka wayi gari ba hatimi. Allah ya kiyashe mu.

Da zarar 'yan takara sun yi yawa, sai ka raba ƙawancen gida biyu: masu shiga zaɓe da masu ƙaurace masa. Ƙauracewa sana'a ce mai tarihi a nan, an yi ta a 2006, an sake a 2011. Amfaninta shi ne ba a taɓa kayar da wanda bai tsaya ba, kuma duk wanda ya zauna a gida ranar zaɓe, ko zazzaɓi ne ya kwantar da shi, za ka iya lissafa shi cikin magoya bayanka. A 2024 an ga tsarin a cikakkiyar surarsa. Gungun 'yan hamayya na GCAP da ƙungiyar Wakit Tama suka ce kada kowa ya fita, 'yan takara Masra da Albert Pahimi Padacké suka ce kowa ya fito, sannan kowannensu ya nuna akwatinsa daban. A ɗaya ɓangaren kuwa, jam'iyyu fiye da 200 suka jeru a bayan shugaban riƙon ƙwarya Mahamat Idriss Déby da sunan Tchad Uni, ba a ji ko tari ba. Ashe ba haɗa kai ne 'yan siyasarmu ba su iya ba. Sun fi iya shi ne a inda tukunya ke kan wuta. Sakamakon zaɓen 6 ga Mayu ya ba Mahamat kashi 61, Masra kusan 18.5, Pahimi kusan 17.

Kada kuma ka wahalar da kanka da tura wakilai rumfunan zaɓe. Aiki ne mai cin kuɗi, ga shi hukumar zaɓe ta ANGE ta hana ɗaukar hoton takardun sakamako a 2024, kuma 'yan sa-ido na ƙungiyoyin farar hula kusan 2,900 ba su samu izini ba. Ya fi sauƙi ka shiga Facebook kafin hukuma ta yi magana ka ce kai ka ci. Daga baya ka kai ƙara kotun tsarin mulki, don a samu abin ajiyewa a tarihi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka riƙa barin wayarka a kunne ko da tsakar dare. A Chadi akwai kujerar da ta fi kowane ƙawance ƙarfi, ita ce ta firaminista. Pahimi ya zo na biyu a zaɓen Afrilun 2021, kafin watan ya ƙare sojojin da suka karɓi riƙon ƙwarya bayan rasuwar Idriss Déby sun ba shi ita. Kebzabo, wanda ya janye daga wancan zaɓe, ya karɓe ta a Oktoban 2022. Masra ya dawo daga gudun hijira bayan yarjejeniyar Kinshasa ta 31 ga Oktoban 2023, ranar 1 ga Janairun 2024 ya hau, har ya yi takara da shugaban da ya naɗa shi yana kan kujerar. Manyan 'yan hamayya uku, kujera ɗaya, cikin ƙasa da shekara 3, kowa ya ɗana bi da bi. Irin karɓa-karɓar da suka kasa yi a ƙawance, ga shi fada ta tsara musu ita a sauƙaƙe. In naka kiran ya zo, ka ce ka karɓa ne don ceto ƙasa. Abokan tafiyarka za su kira ka maci amana, ka yi haƙuri da su, layinsu ne bai shiga ba.

Akwai dai wurin da raha ba ta shiga, kuma mutanen Abena sun fi ni saninsa. Ranar 20 ga Oktoban 2022 matasa suka fito don ƙin tsawaita mulkin riƙon ƙwarya. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ƙirga gawa 128, aka kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro cikin hamada, da yawa daga wannan unguwa da maƙwabtanta. Ibni Oumar Mahamat Saleh, kakakin ƙawancen 'yan hamayya na CPDC, an ɗauke shi daga gidansa ranar 3 ga Fabrairun 2008, har yau ba a gan shi ba. Ɗan hamayya Yaya Dillo ya rasa mahaifiyarsa a harin da aka kai gidansa ranar 28 ga Fabrairun 2021, shi kuma aka kashe shi a hedikwatar jam'iyyarsa rana mai kamar ta a 2024. Masra kansa an kama shi a Mayun 2025, aka yanke masa shekara 20 a Agusta kan zargin tunzura rikicin ƙauyen Mandakao, zargin da ya musanta. Ba na ce rarrabuwar kai ce kaɗai ke kayar da hamayya a Chadi ba. Filin ma a karkace yake. Amma wanda ya san haka, ya kuma tura 'ya'yan mutane titi alhali shi ya kasa janye wa ɗan'uwansa a cikin ɗaki, to a ganina da sauran bayani a bakinsa.

Lokaci kuwa kana da shi. A Oktoban 2025 an gyara tsarin mulki, wa'adin shugaban ƙasa ya koma shekara 7, kuma ba iyaka ga sake tsayawa. Wannan ya ishe ka ka kafa ƙawance uku ka fice daga huɗu. Ranar zaman farko ka riga kowa zuwa, don za a ɗauki hoton haɗin gwiwa, kuma kujerar tsakiya ɗaya ce. In ka tarar wani ya riga ka zama, ka leƙa aljihu ka tabbata takardar nan tana ciki, ka tambayi na kusa da kai yau nawa ga wata.