Yadda Na Yi Sarautar Zaɓen Littafi, Da Yadda Aka Tuɓe Ni

Duk wanda ya daɗe yana zama a majalisar dattawa ya san akwai muƙamin da ake ba mutum don a girmama shi, akwai kuma wanda ake ba shi don a sami wanda za a zarga in abu ya ɓaci. Amma ban taɓa ganin wanda ya haɗa biyun cikin rawani ɗaya ba sai wanda jama'ar zauren Alhaji suka naɗa mini wajen 1992, bayan na ajiye alli daga koyarwa a makarantun firamare na birnin Kano, watau muƙamin zaɓa musu littafin da za a riƙa karantawa kowace Asabar tsakanin La'asar da Magariba.

Asalin majalisar hira ce kawai. Mai zauren attajiri ne da ya yi arziki a fataucin goro. Akwai Na'ibin Liman, wanda ya sha nahawu har ba ya iya amsa gaisuwa sai ya duba i'irabinta. Akwai wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, da tsohon bafade, da tela, da wani akawun kotu mai ritaya wanda ke riƙe mana asusu. Da hirar ta soma gangarawa zuwa giba, har ya zamana ba mai ƙarfin halin tashi da wuri don tsoron abin da za a faɗa a bayansa, sai Na'ibi ya yi mana wa'azi mai ratsa jiki, aka yi ijma'i a kan a mai da zaman na karatu, aka kuma yi ijma'i na biyu, ba tare da an nemi ra'ayina ba, cewa tun da ni kaɗai ke da kabad mai gilashi cike da littattafai, ni zan riƙa zaɓe. Tela ya ce daga yau sunana Sarkin Littafi. Na nuna kamar ba na so, gwargwadon yadda ladabi ya hukunta, sa'an nan na karɓa.

Da yake ni mutum ne mai son a fara gini daga tushe, sai na fara da Maƙamatul Hariri, littafin nan na malamin Basra mai maƙama 50, wanda ke ba da labarin Abu Zaidi as-Saruji, mai fasahar harshe da damfarar jama'a. Na yi zaton za a sha dariya, kuma da an sha, in da an kai ga Abu Zaidin. Sai dai Na'ibi, wanda shi ke fassara mana, ya tsaya a kan jimlar farko ta maƙamar farko kamar an kafe shi, yana fito da luga yana mayarwa, yana kawo saɓanin malaman Basra da na Kufa a kan harafi guda, har damina ta sauka ba mu shiga birnin San'a'a na cikin maƙamar ba. Tela yakan yi barci da bakinsa buɗe, Alhaji yakan tuna yana da baƙi a cikin gida, soja kuwa ya ce ko a dajin Bama bai ga wahala irin wannan ba. Ba wanda ya ga laifin Na'ibi, domin ba a ganin laifin mai ilimi. Laifin wanda ya kawo littafin ne.

Sai na sauko zuwa harshenmu, na nufi littattafan nan biyar da suka fito daga gasar da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933, ina ganin ba mai iya kushe abin da ya karanta tun yana elementare. Na kawo Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Ba mu wuce inda jarumin ke gwabzawa da Nasara ba soja ya miƙe, ya karɓe sandar bafade ya mai da ita bindiga, ya shiga nuna mana yadda aka ƙetare kogin Kaladan, ya kuwa ƙetare shi ta kan butar shayin Alhaji. Na kawo Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, don gajere ne kuma mai natsuwa; Alhaji ya ce shi ya ga fim ɗinsa, saboda haka karatu ya faɗi a kansa, bafade kuma, da aka zo inda fadawa suka ƙulla wa Makau sharri wajen sarki har aka kore shi daga gari, ya naɗe buzunsa, ya ce ya gane wanda ake nufi, kuma shi bai taɓa kai sukar kowa ba, in ban da mutum biyu da suka cancanta. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Ruwan Bagaja kaɗai aka karanta lafiya, shi ma abin da aka tsinta a ciki shi ne tela ya laƙaba wa Na'ibi suna Malam Zurƙe, sunan ya bi shi har masallaci.

A nan na fahimci wata mas'ala da ban gani a littafin kowane malami ba, watau cewa jama'a ba sa ɗaukar mai zaɓen littafi a matsayin dillali, a matsayin mawallafi suke ɗaukarsa. Duk mugun da ke cikin labarin shi ya zana shi, kuma da wani a zauren yake. Saboda haka na yi dogon nazari kafin na tsai da shawara a kan Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, labarin Abubakar da attajiri Malam Shehu ya raba shi da Zainabu da ƙarfin dukiya, da yadda ramuwar gayya ta cinye kowa. Na duba, ba soja a ciki balle a fasa buta, ba bafade, ba i'irabi. Aka yi karo-karo, akawu ya ƙirga mini kuɗin sau biyu ya sa na sa hannu, na ba ɗan ƙanena da ke zaune a gidana, na ce ya je rumfunan masu littattafai na kasuwar Sabon Gari ya sayo kwafi ɗaya ɗaya ga kowa. Da yake ranar tafiyar ta'aziyya ta kama ni zuwa Wudil, sai na rubuta 'yan takardu da hannuna na bar masa, na ce ya saka a cikin kowane kwafi ya bi gida gida ya raba. Abin da na rubuta shi ne, na zaɓi wannan littafi bayan tahƙiƙi, kuma akwai izina a cikinsa ga duk magidancin da ke zaton dukiya tana sayen zuciya.

Abin da ya faru a kasuwa, kamar yadda yaron ya ruwaito mini daga baya ba tare da ko alamar nadama ba, shi ne mai rumfar ya ce Jiki Magayi ya ƙare, amma yana da wani wanda shi ma budurwa ce attajiri ya ƙwace wa talaka, ya fi shi sabunta, ya kuma fi shi araha. Yaron ya yi ƙiyasi, ya ga illa ɗaya ce, hukunci ɗaya. Ya sayo, ya riƙe canji. Zamanin kuwa shi ne na bunƙasar littattafan soyayya, waɗanda matasa maza da mata ke rubutawa su buga da kuɗinsu, 'yan mata na ba da hayarsu a unguwa, malaman jami'a na ta muhawara a kansu a jaridu, wasu na kiransu adabin kasuwar Kano. Ba zan ambaci sunan wanda aka raba da sunana ba, domin marubuciyar ba ta yi mini laifin komai ba. Ya isa in ce a bangonsa an zana yarinya da gyale tana hawaye, a bayanta ga wata doguwar mota, a jikin motar ga wani mai babbar riga da tumbi.

Wani abin da ban sani ba, alhali duk unguwa ta sani, shi ne Alhaji mai zaurenmu yana neman ta uku, 'yar makarantar sakandare, wadda ke da wani saurayi mai gyaran rediyo.

Ran Asabar na iso da wuri kamar yadda na saba, don in share wuri in jira masu makara, sai na tarar zaure ya cika, kowa na zaune a gurbinsa da littafi a cinya, abin da ban taɓa gani ba tun kafa majalisar. Na yi sallama, aka amsa a taƙaice. Akawu ya sa tabarau, ya ɗaga 'yar takardata da yatsa biyu kamar yadda ake ɗaga wuƙar da aka yi kisa da ita, ya ce, “Malam, wannan rubutun hannunka ne ko kuwa?” Na ce nawa ne. Ya karanta ta da ƙarfi, ya maimaita wajen dukiya da zuciya, sa'an nan ya miƙo mini littafin. Na dubi yarinya mai hawaye, na dubi mai tumbi, na dubi Alhaji, wanda ya kafa wa rufin zaure ido yana jan carbi da sauri. Kuma ina shaida wa mai karatu cewa mai zanen bai taɓa ganin Alhaji ba, amma da ya gan shi da bai ƙara komai ba.

Na'ibi ne ya buɗe shari'a. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin fasadi irin wannan ba: ga lahani a kowane layi, ga shafi na talatin da wani abu an buga shi a kife, ga yarinya tana mai da wa mahaifinta magana, ga kuma wasiƙun banza da saurayi ke aiko mata a ɓoye. Tela ya ce, “Ƙwarai, Allah gafarta Malam, cikin farantin 'yar talla.” Na'ibi ya juya a fusace ya ce, “Wannan ta farko ce. Ta biyu a jakar Islamiyyar ƙanwarta aka sa, ta uku kuwa ba ta isa ba, kishiyar uwar ce ta tsince ta.” Zaure ya yi tsit na ɗan lokaci. Soja ya ce shi abin da ya ɓata masa rai ragwantar saurayin ne, da ya tsaya kuka a gindin bishiya maimakon ya kewaye gidan ta baya. Bafade ya ce uban yarinyar ne kaɗai mai hankali a littafin, kuma an zalunce shi. Akawu ya ce auren ma in aka kai shi gaban alƙali ba zai tsaya ba, ya kawo dalilai uku. Kafin a ankara sun shiga munazara wadda ban taɓa jin mai zafinta ba, kowa na kawo hujja da lambar shafi, har ladan ya kira Magariba Na'ibi bai ji ba.

Bayan salla aka dawo kaina. Na kare kaina da abin da na sani na fiƙihu, na ce wakili in ya saɓa wa abin da aka wakilta shi a kai, cinikin bai lizimci mai aikensa ba. Na kuma jawo hankalinsu, cikin ladabi, cewa wannan ne littafi na farko da kowa ya kai ƙarshensa. Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Sai a lokacin Alhaji ya buɗe baki, ya ce, “Malam, ni ban karanta ba. Amma uwargidana da amaryata, waɗanda rabonsu da zama a tabarma ɗaya tun ranar da aka kawo ta biyun, jiya na same su kai da kai suna karantawa, kuma tun daga lokacin da sunan wancan mutumin suke kirana.” Aka tuɓe ni nan take, aka naɗa Na'ibi, wanda ya yi shelar cewa mako mai zuwa za a koma Maƙama, daga farko, tun da an manta abin da aka yi.

Sai dai akwai wata al'ada ta masu irin waɗannan littattafai wadda majalisa ba ta yi hukunci a kanta ba: ba sa ƙare labari a littafi ɗaya. Namu ya tsaya ne daidai daren ɗaurin aure, an nemi amarya an rasa, sa'an nan marubuciya ta yi sallama ta ce a tare ta a kashi na biyu.

Tela ne ya fara zuwa, bayan Isha, wai ya zo auna ni, alhali ban ba shi ɗinki ba. Yana naɗe magwajinsa ya tambaya ko yaron nan zai sake shiga Sabon Gari. Washegari soja ya zo, shi bai yi kwana-kwana ba, ya ajiye kuɗi ya ce yana so ya san ko ragon ya yi zuciya. Akawu ya aiko da takarda a rufe. Bafade ya ce ba don kansa ba ne, wani babba ne ya sa shi, kuma ba a faɗin suna. Direban Alhaji ya kawo kuɗin kwafi biyu, ya ce daga cikin gida ne, Alhaji bai sani ba. Bai daɗe da tafiya ba ya dawo da kuɗin kwafi ɗaya, ya ce daga Alhaji ne, cikin gida ba su sani ba.

Na'ibi bai zo ba sai daren Alhamis, ya rufe kai da mayafi, ya tsaya nesa da fitila. Ya ce ba ya halatta ga malami ya yi raddi a kan littafi bai ga ƙarshensa ba, domin hukunci a kan abu reshe ne na saninsa, saboda haka yana bukatar kashi na biyu don cika hujja, kuma amana ce tsakanina da shi. Na ce Allah ya saka wa Malam da alheri bisa wannan adalci, amma yaron ya ce kashi na biyu ya yi wuyar samu, sai an ƙara wani abu. Yana cikin laluben aljihu ke nan, sai muryar mai ɗakina ta fito daga bayan ƙyaure, inda ashe ta daɗe a tsaye da kwanon tuwona: “Allah gafarta Malam, kada ka ɓata kuɗinka. Gidan gwaggonta ta gudu a Gusau, kuma ba a gano ta sai a na uku.”