An Yaye Na Shiga Uku

Aikin manhajar da na rubuta da Python ɗaya ne: ta karɓi sunayen ɗalibai, ta jera su bi da bi, ta fitar wa kowa takardar shaidar kammala karatu. Ta bututu sunayen suke shigo mata, wato tsayayyen layin nan | da Ken Thompson ya sa wa Unix a 1973, bayan Doug McIlroy ya daɗe yana nacin a yi shi. Abin da manhajar gaba ta zubo, shi ta baya take sha.

Jiya, a gaban shugaban makaranta da malamai, majigi a kunne, na buga sunan manhajar tsurarta, ba fayil ba bututu, na danna Enter.

Shiru. 'Yar alamar nan sai ƙiftawa take yi.

Ita sys.stdin.read(), da manhajar ke karɓar sunayen da ita, ba ta san gaggawa ba. In ba ta ga bututu ba, sai ta zauna tana sauraron madannai, ba ta motsawa sai an shaida mata magana ta ƙare. Yau da safe na san wannan sarai. Jiya kuwa gumi kawai nake yi. Na rubuta "yauwa". Na rubuta "haba ke kuwa". Na rubuta "na shiga uku".

Baba mai gadi, da ya shigo da butar shayi, ya leƙo ta kafaɗata.

"Malam, ɗaga kwamfutar wajen taga. Sabis ne."

"Baba, ba ruwanta da sabis."

"To, zafi ta ɗauka." Ya ajiye buta, ya ɗauko kwali, ya hau yi mata fifita bilhaƙƙi. "Ta jikana ma haka take. Sai an cire batir an hura."

Daga can baya malamar lissafi ta ce, "Malam, danna Ctrl da D."

Na danna. Nan take manhajar ta farka, ta yi aikinta ba kuskure ko ɗaya, har da mayar da harafin farko babba kamar yadda na koya mata. Takardun suka bayyana a bango, da tambarin makaranta da komai. Shugaba ya gyara tabarau, ya karanto a hankali, da muryar ranar yaye ɗalibai: "Haba Ke Kuwa." Ya dakata. "Na Shiga Uku." Ya waigo ya dube ni. "Malam, wannan ɗan wane aji ne?"

Baba ya ajiye kwali, ya karkaɗe hannu.

"Ka gani ko? Fifitar ce."