Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Fitilar Sola, Mai Tsaye a Bakin Titin Darna

Zuwa ga Hajiya Fitilar Sola,
Saman Falwaya, Bakin Titi,
Darna Sabon Gari, Ƙaramar Hukumar Illela,
Jihar Sakkwato.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar gajiyar tsayuwa, mai wannan wasiƙa yana roƙon Hajiya ta ɗan sunkuyo ta saurare shi. Dama sunkuyon ne ya kawo shi.

Kada Hajiya ta ɗauka butulci ne. Garin nan bai manta zamanin aci-bal-bal da fitilar ƙwai ba, bai kuma manta tocilar da sai an bubbuga ta a tafin hannu take tuna aikinta ba. Tun ranar da aka kafa Hajiya, mai shayi ya daina ba da canjin ɗari biyar a madadin hamsin, ɗan kabu-kabu yana hango rami kafin rami ya hango shi, kunama kuma ta rasa sirrinta. Almajirai sun samu inda za su buɗe allo ba tare da neman kara ba. A yankin da dare ke zuwa da fargaba, haske ba kayan ado ba ne. Ga shi kuma Hajiya ba ta shan fetur, abin da ya ƙara mata daraja tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, janareta ya koma sai ranar biki. Bankin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa 'yan Najeriya wajen miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta layi. Wanda ya samu irin Hajiya a ƙofar gidansa, godiya ta kama shi.

Sai dai akwai magana. Wanda ya kafa Hajiya ya bar ta da kai a ɗage, kamar amaryar da ba a yi wa faɗan kunya ba. Haskenta ya rabu uku. Kashi ɗaya yana sauka a ƙasa, inda ake buƙatarsa. Kashi na biyu yana shiga idon mai tafiya, ya tsallake katanga ya iske magidanci kwance a tsakar gida lokacin bazara, ya hana shi barcin da zafi ya riga ya rage masa. Na uku kuwa sama yake tafiya, ya haɗu da ƙurar da iska ke ɗauke da ita, ya zama wani farin hazo a kan gari. 'Yan'uwan Hajiya na gidajen mai da bakin shaguna, waɗanda ke tsaye tsirara ba ko ɗankwali, sun ma fi ta wannan hali. Dattawan majalisa sun zauna sun yi lissafi, ba su gano wanda ke tafiya a sama da har ake haska masa hanya ba.

To, a gaskiya akwai masu tafiya a saman, kuma su ne dalilin wasiƙar.

Tsakanin Magariba da bayan Isha'i kaɗan, da kuma gab da Asuba, wanda ya kwanta rigingine a kan tabarma zai ga wani ɗigon haske yana ratsa taurari a natse, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Jirgin sama yana ƙyafta ja da fari. Wannan ba ya yi. Wani tsoho da ya fara ganinsa ya tashi zaune ya ce, "Wanga tauraro ina za shi da dare haka?" Tauraron ɗan Adam ne. Ba shi da fitila ko ɗaya. Rana ta faɗi ga mutanen ƙasa, amma shi da ke can sama har yanzu tana dukansa, shi ya sa ake ganinsa. In ya shiga inuwar duniya sai ya dusashe ya ɓace a tsakiyar sama, yara su ce an hure shi.

Babbansu ita ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 daga ƙasa, tana gudun kilomita wajen 28,000 a sa'a guda. Cikin minti 90 take zagaye duniya, wato kusan sau 16 a yini. Kafin motar haya ta cika a tashar Illela, direba ya gama rantsuwar cewa saura mutum ɗaya, ita ta je ta dawo. Tun watan Nuwamban 2000 ba a taɓa barin ta ba mutum a ciki ba. Ranar da ta biyo ta saman Darna, haskenta yakan fi na kowane tauraro na ainihi, ta ratsa sama cikin 'yan mintuna, ba tikiti, ba fasfo, ba jami'in kan iyaka da zai tsayar da ita tsakanin Illela da Ƙonni.

Abin da ya kamata Hajiya ta sani shi ne, waɗannan matafiya danginta ne na jini. Da faifan sola suke rayuwa, batir suke ajiya kamar yadda take yi. Kakansu Sputnik, wanda Tarayyar Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoban 1957, batir kawai ya dogara da shi, cikin mako uku ya yi shiru. Najeriya ta shiga sahu a watan Satumban 2003 da NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha. A 2007 aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, amma a Nuwamban 2008 ya mutu, kuma faifan solarsa ne ya kasa. Ashe ciwon na gado ne. Sai a Disamban 2011 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R, wanda ke can nesa wajen kilomita 36,000, inda ido ba ya kai wa. A dangin da aka yi irin wannan rashi, almubazzaranci da caji bai dace da kowa ba.

Akwai kuma sababbin jini, na kamfanin Starlink. A watan Mayun 2019 aka harba guda 60 a tashi ɗaya, yanzu sun kai dubbai, kuma a Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta fara amfani da intanet ɗinsu. In an harba su ba da jimawa ba, sukan bi juna a jere kamar ayarin raƙuman Azbinawa ya nufo kasuwa. Su ma an kai ƙararsu. Masana taurari sun koka cewa ƙyallinsu yana ɓata hotunan da manyan na'urori ke ɗauka, har a 2020 kamfanin ya gwada shafa wa ɗaya baƙin fenti, ya kuma ɗora wa wasu 'yar rumfa don ta tare rana. Idan har wanda ke kilomita 550 a sama ya yarda ya sa malafa don kada ya dami jama'a, Hajiya da ke tsayin mutum uku ba ta da hujja.

Kuma ba matafiyan ne kaɗai ke ɓacewa ba. Zara matar wata da Gamzaki suna da ƙarfin da za su yi gogayya da kowace fitila. Amma Kaza da 'ya'yanta ba su da wannan ƙarfi. A ƙarƙashin Hajiya sai mai kaifin ido ke ƙirga 'yan tsakin. Kazar ce kuwa ke ɓuya a hasken rana wajen watan Mayu, ta sake ɓullowa da asuba a Yuni, daidai lokacin da manomi ke gyaran kwashe da jiran ruwan shuka. Malaman lissafi na ƙasar Hausa suna ƙirga taurari 28 a shekara, kusan kowanne kwana 13, da su ake sanin shigar sanyi da tsakiyar damina. Yaron da bai taɓa ganin sama baƙa ƙirin ba, zai haddace sunayen, amma ba zai iya nuna ko ɗaya da yatsa ba. Idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai; kallo ɗaya ga fuskar Hajiya yana mayar da aikin baya.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi wannan asara. Taswirar hasken dare ta duniya da aka wallafa a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna ƙarƙashin saman da fitilu suka gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama kamar an warware rawani. Chadi na cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya ce a yadda abin ke ƙaruwa, jaririn da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya kai shekara 18 sun koma 100. Abin da Turawa ke biyan kuɗin mota su tafi daji nema, a Darna kyauta yake, in dai an yi taku ɗari daga falwaya.

Har wata al'ada suka ƙirƙiro, wadda ta faro a birnin Sidni na Ostareliya a 2007: wata Asabar a watan Maris, a kashe fitilu na sa'a guda don tunawa da tattalin makamashi. Da aka ba majalisa labarin, sai da mai tsire ya ajiye wuƙa don dariya. Ya ce a nan ai wutar gwamnati tana yin wannan ibada kullum, har da nafila, ba tare da an aiko mata da goron gayyata ba.

Don haka kada a juya magana, ba duhu ake nema ba. Mutanen kan iyaka sun san ɗacin duhun dole; suna nan a watan Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta bayan juyin mulki, aka kuma rufe iyaka har watanni. Buƙatun guda uku ne, duk masu araha. A sunkuyar da kan Hajiya ya dubi ƙasa, a ɗora mata malafa ta tare gefe da sama. In dare ya raba, mai shayi ya kife tukunya, ta rage haske, ta riƙa ƙarawa in ta ji motsin mutum, kamar yadda wasu ƙannenta na zamani ke yi. In kuma za a kawo wata, a zaɓo mai haske ja-ja irin na fitilar ƙwai, domin farin nan mai shuɗi-shuɗi ya fi watsuwa a iska, ya fi kiran ƙwari.

Ribar ma ta Hajiya ce. Kowa ya lura cewa a ranakun hazo, da faifanta ya sha ƙura, ƙarfe uku na dare take fara lumshe ido, ta bar masu zuwa sallar Asuba da lalube. Cajin da ta ɓarnatar a kan gajimare da ƙarfe tara, shi ne ladan yake nema da ƙarfe biyar.

An riga an yi magana da maƙeri. Ya ce tsohon kwano guda da ƙusa huɗu sun isa, ladan aikinsa kuma shayi mai madara. Ana jiran izinin masu falwaya kawai, da wanda zai ara tsani.

A huta gajiya.

Mai wasiƙa,
a madadin masu shimfiɗa tabarma bayan Isha'i.

Ƙarin bayani: yaran unguwa sun ce a rubuta cewa ba da yawunsu aka yi maganar ƙwari ba. Sun nemi a ɗage dokar malafa a daren ruwan farko, ranar da shinge ke fita, don sun riga sun tanadi kwanoni.