Magarya Ba Ta Buga Kan Sarki

Gadon da kawuna ya bar mini gwangwanin madara uku ne manya, cike taf da kan sarki, wanda mu a Nijar muka fi kira tambur. Shekara da shekaru ya yi a bakin gidan waya na Tawa yana rubuta wa mutane wasiƙa, yana karanta musu waɗanda suka zo. Ladarsa dala biyar ko goro, amma da sharaɗi: a yaga masa kusurwar ambulan. Da na ajiye alli na yi ritaya, na ce bari in jera su a kundi, ƙasa ƙasa, shekara shekara. Aikin ba wuya: a jiƙa a tasa har takardar ta saki, a shanya kife a kan tsohuwar jarida, a danne da littafi mai nauyi, a ɗauka da hantsaki. Na ba kaina mako biyu. Wannan hunturu na uku ke nan.

Iska ta taɓa kwashe mini Polan gaba ɗaya ta watsa a gidan maƙwabta, gara kuma ta ci rabin Kamaru. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana aikin ƙarewa mutane ne, domin a Adar ba a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro a zauna a kai shi kaɗai.

Na farkon zuwa kullum shi ne Alhaji Nawa-ne. Bai gama sallama ba ya ɗauki ɗaya, ya juya bayansa, ya ce, "Mushe, wanga nawa aka saida shi?" Ya taɓa ji a rediyo cewa wani guntun kan sarki ja na Giyanar Ingila, na 1856, an saye shi a 2014 kan dalar Amurka miliyan 9 da ɗoriya. Labarin gaskiya ne, sai dai ƙwaya ɗaya tak ya rage a duniya. Alhaji bai riƙe wannan ɓangaren ba. Tun ranar duk ja ɗin da ya gani a gidansa sai ya naɗo shi a hankici ya kawo mini, ya rage murya kamar mai sayar da zinariya. Sau uku yana kawo Mariyan, matar nan ta kan sarkin Faransa da aka buga ta fi yashin Azawak yawa. Na huɗu ma tamburin haraji ne, irin wanda ake liƙa wa takardar haihuwa. Na gaya masa. Ya dube ni, ya naɗe abinsa, ya ce to, zai kai Yamai inda ake da masu gaskiya.

Malam Na-sani ya fi shi ɓarna, don shi ba ya tambaya. Mugun halin kan sarki shi ne kowace ƙasa da harshenta take rubuta sunanta. Suwizalan tana sa Helvetia, Finlan Suomi, Albaniya Shqipëria, Japan Nippon. Ni sai na wuni ina laluben guda. Shi kuwa daga nesa yake yanke hukunci, yana kurɓar shayi. Ranar da na ciro mai rubutun Magyar Posta, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Magarya ce. Ta Damagaram. Ga shi nan an rubuta."

Na ce, "Malam, Hangari ce, a Turai."

"To su sunka ɗauki sunan."

Éire ta Ailan ya ce Ayar ce, ƙasar Abzinawa. CCCP ya ce kamfanin siminti ne. Da muka zo kan na Ingila, wanda ba suna ko kaɗan sai kan mace da adadin kuɗi, ya ce na jabu ne, mai bugawa ya manta. Nan ne na samu na rama. Ingila ce ta fara kan sarki a Mayun 1840, baƙi na kwabo ɗaya mai kan Sarauniya Biktoriya, shi ya sa har yau ita kaɗai aka yarje wa kada ta sa sunanta. Kalmar kan sarki ma daga irin waɗannan kawunan muka same ta, kuma na farkon da aka buga wa Arewacin Najeriya a 1900 kan mace ne, ba na sarki ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ai abin da yake shirin faɗa ke nan.

Limamin unguwarmu dai, Allah ya saka masa. Ba don shi ba da gwangwani guda yana nan yadda yake. Shi ya raba mini Masar da Aljeriya da Libiya da Saudiyya, ya karanta mini shekarun Hijira. Shi ya nuna mini cewa masu UAR galibi na Masar ne, na tsakanin 1958 da 1971. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka rubuta da haruffan Larabci kuma ya gagare shi, na Iran ne ko na Fakistan, sai ya tura shi gefe ya ce, "Sa shi wajen Makka." Tulin wajen Makka yanzu ya fi na Makkar kanta. Ya kuma hana ni ajiye su a ƙasa, ko da akwai sunan Allah a jiki, don haka su kaɗai ke kwana a kan kabad.

Sai abokina tsohon ma'aikacin baitulmali, wanda ya yi imani cewa duniya ta lalace ne saboda ba a jera ta daidai ba. Yana zuwa da kundin Yvert et Tellier na shekarun 1980, bangonsa ɗaure da roba, da ɗan ma'aunin haƙora. A wajen masu wannan sha'awa ana ƙirga haƙoran gefen kan sarki nawa ne a cikin santimita 2, kuma 13 da 13 da rabi ba ɗaya ba ne, ko da hoton iri guda ne. Zai wuni a kan ƙwaya ɗaya da madubin ƙara girma, ya ɗago ya ce, "Sha ukku da rabi," kamar alƙalin da ya gano ɓarawo.

Rigimarmu da shi ta sunaye ce. Haute-Volta ta zama Burkina Faso a 1984: a H za ta zauna ko a B? Dahomey ta koma Benin a 1975. Zayar ta yi daga 1971 zuwa 1997 ta koma Kwango. Afirka ta Tsakiya ta kwana jamhuriya ta tashi daula a 1976 don Bokassa yana son kambi, ta dawo jamhuriya a 1979. Biyafara ta buga nata a lokacin yaƙi, ga su a hannuna, ƙasar kuwa babu. Ni na ce a bi ƙasa, kowane suna ya bi gidansu. Shi ya ce a bi abin da aka buga a jiki, takarda ba ta ƙarya. Ko a kan Nijar ba mu shirya ba. Namu na farko, na 1921, aro ne: kan sarkin Haut-Sénégal et Niger mai hoton mahayin raƙumi, aka danna masa Territoire du Niger a kai. Sai 1926 aka yi mana masu rijiya da ganuwar sojan Zinder. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka haɗa mu da sauran ƙasashen AOF, wato Afirka ta Yamma ta Faransa, a kan sarki guda, har 1959 da aka fara na Jamhuriyar Nijar masu raƙumin dawa da gauraka. Raƙumin farkon nan, shafi uku ke da'awarsa. Mun yi wata guda ba ma gaisawa sosai a kansa, alhali nawa ma haƙoransa biyu sun karye.

Game da masu taimako ba zan tsawaita ba, zuciya ba za ta ɗauka ba. Jikata ta ga gefen Italiya duk tsaga-tsaga, waɗanda suka zo kan wasiƙun ma'aikatan aikin raya karkara na Keita, masu hoton tsofaffin fadoji. Ta ɗauki almakashi ta daidaita su tas. "Kaka, na gyara maka." Ƙanenta kuma ya liƙe mini Jamus da ƙaro, ta Gabas da ta Yamma a shafi ɗaya. Ya haɗe su fiye da yadda aka yi a 1990.

Yayansu ɗan jami'a bai taɓa aika wasiƙa ba. Ya ɗauki hoto da wayarsa, wayar ta ce kan sarkina na Mali na Maleshiya ne kuma ya kai kuɗin babur. Ya tambaye ni, da gaske, ina ake kankarewa a ga lambar. Amma shi ya nuna mini a intanet tulin kan sarki masu sunan Nijar da hoton jiragen ƙasa masu gudu da mawaƙan Turai da tsuntsayen ƙanƙara, waɗanda ake bugawa a waje don masu tarawa. Na ce masa kawu ya tsufa a bakin gidan waya bai ga irinsu a kan ambulan ba.

Wanda nake jira kuwa ran Lahadi yake zuwa, bayan an watse daga kasuwa. Tsohon ɗan bida ne daga wajen Kalfu, bai san baƙi ko ɗaya ba, amma bai taɓa kuskuren ƙasa ba, don fuska yake karantawa. "Wanga Ufuwe na, Kwadebuwa. Wanga Bango, Gabon. Ga Ahijo. Wanga mai hular damisa, kada Allah shi maido mu." Kafin in buɗe kundi ya gama raba tuli guda. Ta bakinsa na lura da abin da ke gabana tun farko: kundin da nake kira na duniya, Kwadebuwa ta cika shafi goma sha, Kamaru da Gabon da Libiya da Najeriya na biye, Amurka ta Kudu duka ba ta cika tafin hannu ba. Inda Adarawa suka je neman kuɗi bayan girbi, nan duniyar kawu ta yi kauri. Ɗan abin da ya samu na Sin da Jamus, amsar wasiƙun masu sauraron sashen Hausa na rediyo ne.

Shi tsohon, kan sarki bai dame shi ba, hatimin da aka buga a kai yake so in karanta masa. In na ce Tireshbil ta Abijan, sai ya ajiye sanda ya ba ni labarin ɗakin da suka kwana su goma sha biyu. In na ce Ajame, sai na mai gidan da ya riƙe musu kuɗi ya mutu ba wasiyya. Rana ta faɗi ban liƙa ko ɗaya ba.

A ƙasan gwangwani na uku akwai ambulan ɗaya da kawu bai yaga ba, da wasiƙarta a ciki, ban san dalili ba. Hatimin Abijan, 1978. Na fara karantawa a fili don nishaɗi: gaisuwa ga Inna, gaisuwa ga Baba, a gaida mai ɗaki, a tambayi lafiyar jaki. Sai na ji tsohon yana riga ni faɗin layi na gaba. Tasa ce. Wani ɗan makaranta ya rubuta masa ita a bakin kasuwa. Na ci gaba har inda aka ce manda, wato kuɗin aike ta gidan waya, na nan tafe ƙarshen wata, jikka goma. Ya yi shiru, ya sosa gemu.

"Mushe, wagga manda ba ta taho ba."

Kan sarkin da ke jikinta shi ne wanda ya rage in cike layi na uku a shafin Kwadebuwa. Abokina na baitulmali ya auna haƙoransa tun yana kan ambulan, ya ce cikakku ne, in jiƙa shi kawai. Alhaji ya taya dala ɗari. Gurbin na nan fari. Ran Lahadin da ta wuce tsohon ya zo da goro biyu, ya zauna, ya ce in sake karanta masa, amma in na kai wajen manda in tsallake.